LASIFIKA MAI ƘAHO A MOTA: AMFANINTA DA HAƊARINTA

Duk wanda ya saba ratsa tashar mota ko kasuwar ƙauye a ƙasar nan ya san motar mai tallar magani, wadda akan ɗaura wa lasifika mai faffaɗan baki a kan rufi, ana jin muryarta tun daga nesa. Tun zamanin motocin majigi jama'a suka san wannan lasifika, kuma har yanzu ita ce abokiyar tafiyar 'yan siyasa lokacin yaƙin neman zaɓe. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a waɗansu ƙasashe ƙanwar wannan lasifika ta sauko daga rufi ta shiga cikin mota, inda ake sauraron kiɗa da ita. Ya kamata mai mota ya san yadda take aiki kafin ya kashe kuɗinsa a kanta.

YADDA TAKE AIKI

Hikimar ƙaho tsohuwa ce. Ita ce ta sa kakaki da algaita suke da ƙunci a wajen bakin mai busa, sa'an nan su buɗe a ƙarshe. Lasifika ta yau da kullum, watau mai faifan takarda, tana kaɗa iskar fili ne kai tsaye, ita kuwa iska ba ta da nauyin da faifan zai kama ya tura sosai. Saboda haka yawancin wutar da ake ba ta zafi take zama, abin da ke komawa sauti sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Ita kuwa mai ƙaho tana da wani ɗan siririn faifai da ke matse iska a cikin ƙaramin maƙogwaro, daga nan sautin ya bi bututun da ke buɗewa sannu a hankali har ya fita. Ta haka faifan yake samun abin turawa, ƙahon kuma ya tattara sautin ya nufi waje guda da shi. Injiniyoyi biyu na Bell Laboratories a Amurka, E. C. Wente da A. L. Thuras, su ne suka kyautata wannan dabara a shekarun 1920, lokacin da finafinai masu magana suka fara fitowa, gidajen silima kuma suke bukatar murya mai cika zaure alhali amfilifayar wancan zamani ba ta da ƙarfi.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Idan aka ba lasifikar mota ta yau da kullum wat 1 na wuta, takan ba da desibel 90 ko ƙasa da haka a tazarar mita 1. Mai ƙaho kuwa takan ba da 105 zuwa 110. Kada mai karatu ya raina wannan rata, domin kowane ƙarin desibel 3 yana bukatar a ninka wuta sau biyu. Alal misali, don lasifika mai desibel 90 ta kamo mai 108, sai an ba ta wat 64 a inda waccan take cin wat 1 tak. A cikin mota, inda batir mai bolt 12 da altaneta ne kaɗai tushen wuta, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

ME YA KAI TA CIKIN MOTA?

Akwai wata matsala da ta daɗe tana damun masu haɗa kayan sauti. A ɗaki, mai sauraro yakan zauna tsakiyar lasifika biyu. Direba kuwa a gefe yake. A Nijeriya, tun da aka koma tuƙi a hannun dama a 1972, sitiyari a hagu yake, don haka lasifikar ƙofar hagu tana dab da direba, ta dama tana can nesa. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa guda, kuma kunne yakan jingina murya ga wajen da ta fara isowa. Sakamakon haka sai direba ya ji kamar mawaƙin yana zaune a cikin ƙofarsa.

A ƙarshen shekarun 1980, masu shiga gasar ingancin sautin mota a Amurka suka fara cusa ƙahoni masu shimfiɗaɗɗen baki a ƙarƙashin dashbod, ɗaya hagu ɗaya dama. Da yake wurin ya fi ƙofa nisa daga kunne, bambancin tazarar hagu da dama yakan ragu. Bugu da ƙari, ƙahon yana harba sautinsa ne zuwa kujerar da ke ɗaya gefen, ta yadda wanda yake nesa ya fi wanda yake kusa fuskantar mai sauraro. Da haka sai muryar mawaƙi ta dawo tsakiya ga direba da na kusa da shi baki ɗaya. Wata mota ƙirar Buick Grand National, mallakar Richard Clark, ta yi suna ƙwarai a gasannin ƙungiyar IASCA da wannan tsari.

A Birazil kuwa manufar daban ce. Can, tun 1950 da waɗansu makaɗa biyu, Dodô da Osmar, suka ɗora lasifika a kan tsohuwar Ford suka shiga bikin kanibal na birnin Salbado, kiɗan mota ya zama na titi. Yau samari sukan jera ƙahoni da manyan lasifikoki a but ko a tirela, su mai da su katanga guda wadda ake ji daga unguwa zuwa unguwa. Koke-koken jama'a sun yi yawa, har a 2016 hukumar dokokin hanya ta ƙasar ta mai da shi laifi a ji kiɗan mota daga waje yana damun mutane.

INDA GIZO KE SAƘA

Kowane allazi da nasa amanu. Na farko, ƙaho ba ya iya fitar da sauti mai kauri irin na ganga sai ya zama ƙato, domin tsawon igiyar sauti mai kaɗawa 100 a daƙiƙa ya kai mita 3.4. Wanda zai shiga ƙarƙashin dashbod yakan fara aiki ne daga kaɗawa 800 ko 1,000 zuwa sama. Dole a haɗa shi da lasifikoki masu faifai don sauran muryoyin, a kuma sa na'urar raba sauti a tsakani. In aka sakar masa sauti mai kauri kai tsaye, siririn faifansa zai fashe nan da nan.

Na biyu, da yake ya fi sauran ƙara nesa ba kusa ba, sai an rage masa wuta an daidaita shi da ikwalaiza, in ba haka ba muryarsa ta riƙa sukan kunne kamar ana magana ta hanci. Na uku, yana cin wurin ƙafa, kuma wanda aka ɗaura da ganganci yana iya tare birki ko kuloci. Ita kuwa lasifikar kan rufi irin ta masu talla, don magana aka ƙera ta. Wanda ya sa ta cikin mota don kiɗa ya yi asarar kuɗinsa. Har ila yau, kiɗa ya canja: na'urorin zamani suna iya jinkirta sautin lasifikar da ta fi kusa har ya iso tare da na nesa, abin da ya rage bukatar ƙaho ga mai neman daidaito a kujerar direba kaɗai.

KUNNE BA SHI DA SAFAYA

Babban abin tsoro shi ne lafiya. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suke bi ya nuna cewa iyakar abin da kunne zai jure a rana shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ne. A 109 bai cika minti 2 ba. Ke nan ƙaho mai cin wat 1 kacal yana iya ƙare rabon kunne na yini guda kafin waƙa ɗaya ta ƙare. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne kuwa, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa jinsu saboda sauraron sauti mai tsanani.

Daɗin daɗawa, direban da ya cika motarsa da ƙara ba zai ji jiniyar motar asibiti ko odar wanda ke bayansa ba. A Nijeriya ma akwai dokokin ƙayyade ƙara na hukumar NESREA tun 2009.

Saboda haka wanda ya yi niyyar sa ƙaho a motarsa, ya nemi gwanin da ya san aikin, ya tabbata an sa na'urar raba sauti, an kuma ɗaure ƙahon nesa da fedoji. Idan sai ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji maganarsa, ko kuma ya sauka daga mota kunnensa yana amo, to ƙarar ta wuce kima, sai ya rage. Yara da ke kujerar baya ba su da ikon taɓa maɓallin, alhakin kunnuwansu yana wuyan direba.