BABI NA UKU: GINA FOM ƊIN SHIGA DA KULA DA RUMBUN BAYANAN MASUNTA A ƘASAR YAWURI

3.0 GABATARWA

A babin da ya gabata an kawo tarihin ƙasar Yawuri da sana'o'in mutanenta. A wannan babi kuwa, za a yi ƙoƙarin bayyana yadda ake gina fom ɗin shiga, da yadda ake kula da rumbun bayanai wanda ma'aikata da yawa suke amfani da shi a ofis guda. An ɗauki rajistar masuntan Tafkin Kainji a matsayin misali, domin aiki ne da ya shafi ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, kuma abincin mutane da dama ya rataya a kansa. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, babban amfanin fom ɗin shiga shi ne nuna wanda ya rubuta bayani ko ya canza shi. Tsirar bayanin kansa kuwa, tana ga irin kulawar da ake ba rumbun yau da gobe.

3.1 MA'ANAR RUMBUN BAYANAI

Rumbun bayanai shi ne wurin da ake tara bayanai a cikin kwamfuta bisa tsari, yadda za a iya nemo su, a gyara su, a kuma fitar da rahoto daga gare su cikin sauƙi. Ana jera bayanan ne a cikin jadawali, kowane layi yana ɗauke da labarin abu guda, misali masunci ɗaya ko jirgi ɗaya. Edgar Codd na kamfanin IBM a Amurka shi ne ya fito da tsarin danganta jadawali da jadawali a shekarar 1970, kuma a kan wannan tsari aka gina manhajar Microsoft Access wadda ta fito a 1992. Kafin ta yaɗu, ƙananan ofisoshi sun fi amfani da dBase da FoxPro.

Idan aka ce rumbu na tarayya, ana nufin fayil guda da aka ajiye a kwamfuta ɗaya ta cikin ofis, sauran kwamfutocin kuma suna isa gare shi ta wayar da ta haɗa su. Irin wannan rumbu ba ya bukatar intanet, ba ya kuma bukatar babbar na'ura mai tsada. Wannan ne ya sa ya dace da ƙaramin ofis irin na sashen kifi a Yelwa ko Wara.

3.2 ABIN DA YA JAWO BUKATAR RUMBUN

An kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara, wato Neja, a shekarar 1968. Tafkin da ya samu daga nan ya kai tsawon kimanin kilomita 136, ya kuma haɗiye garuruwa da tsibirai, har aka sake wa mutane sama da dubu arba'in matsuguni, cikinsu har da Gungawa da Kambari. Bayan cikar tafkin, su ya zama babbar hanyar samun abinci ga mazauna gaɓarsa.

A 1993 aka fara wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus domin bunƙasa kamun kifi a tafkin, tare da cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke Sabuwar Busa. Shirin ya riƙa ƙidayar ƙauyukan masunta da jiragensu da kayan sunsu kowace shekara, ya kuma riƙa auna kifin da ake kamawa a wasu zaɓaɓɓun mashigai kowane wata. A rabin ƙarshe na shekarun 1990 jihohin Kebbi da Neja suka kafa dokokin kamun kifi, aka shigo da lasisi, aka kuma haramta tarun dala, saboda yana kwashe ƙananan kifaye tare da warangi.

Duk ofishin da zai ɗauki irin wannan aiki dole ya kiyaye abu biyu. Na farko, ba a auna kifin kowane jirgi. Ana auna na kaɗan ne, sannan a ninka da yawan jiragen da aka ƙidaya. Saboda haka idan ma'aikaci ya rubuta kilo 150 a maimakon kilo 15, kuskuren zai haihu, ya ɓata lissafin yanki gaba ɗaya. Na biyu, lasisi magana ce ta kuɗi da haƙƙi. Idan sunan masunci ya ɓace daga rajista, ana iya sa shi ya biya sau biyu, ko a ɗauke shi a matsayin mai karya doka alhali kuwa ya biya.

3.3 TSARA JADAWALAI

Kafin a gina kowane fom, sai an fara tsara jadawalai. Rumbun rajistar masunta yana bukatar aƙalla guda huɗu:

(i) Jadawalin masunta: lamba, suna, ƙauye, yawan jirage da irin kayan su, kamar birgi ko mamari ko gura.
(ii) Jadawalin lasisi: lambar masunci, shekara, kuɗin da aka biya da lambar rasit.
(iii) Jadawalin kamu: rana, mashigi, irin kifi, kamar giwan ruwa ko karfasa ko kurungu, da nauyinsa.
(iv) Jadawalin ma'aikata: sunan shiga, kalmar sirri da matsayi.

Lambar masunci ita ce igiyar da ta ɗaure jadawalai uku na farko, kuma ba a yarda mutum biyu su yi tarayya a lamba ɗaya ba. Suna kaɗai ba ya wadatarwa a ƙasar Hausa, domin mutum ɗaya yana iya zama Abubakar a takarda, Garba a kasuwa, Habu a gida. Haka kuma a ƙauye guda ana iya samun mutum biyar masu suna ɗaya. Bugu da ƙari, tafkin yana samun ambaliya iri biyu: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa wanda yake isowa daga saman kogi a lokacin sanyi. Wasu masunta suna ƙaura bisa hawa da saukar ruwa, saboda haka mutumin da aka rubuta a yankin Yawuri yana iya sake bayyana a yankin Ngaski. In ba lamba, sai a ƙirga shi mutum biyu.

Wata matsalar ita ce ta haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Tun daga Access 2000 rumbun yana iya ajiye su, amma kwamfuta tana ɗaukar "Ɗanladi" da "Danladi" a matsayin sunaye biyu daban. Maganin wannan shi ne ofis ya tsayar da ƙa'idar rubutu guda, sannan a jera sunayen ƙauyuka da na kifaye a cikin jerin zaɓi, ma'aikaci ya zaɓa kawai ba tare da ya buga da hannunsa ba.

3.4 MATAKAN GINA FOM ƊIN SHIGA

Fom ɗin shiga shi ne shafin farko da yake tarar ma'aikaci idan ya buɗe rumbun, inda zai rubuta sunansa da kalmarsa ta sirri. Amfani da kalmar sirri a kwamfuta ya faro ne a farkon shekarun 1960 a jami'ar MIT ta Amurka, a ƙarƙashin Fernando Corbató, lokacin da mutane da yawa suke tarayya a na'ura guda. Dalilin da ya haifar da ita a can shi ne dai dalilin da ake bukatarta a ofishin kifi. Ga matakan da ake bi:

(i) A zana fom mai akwati biyu, ɗaya na suna, ɗaya na kalmar sirri, da maɓallin shiga. A saita akwati na biyu yadda zai riƙa nuna taurari a maimakon haruffa.
(ii) A rubuta umarnin da zai nemo sunan a jadawalin ma'aikata, ya gwada kalmar da aka buga da wadda aka ajiye.
(iii) Idan an yi kuskure, saƙon da zai fito kada ya fayyace ko sunan ne ba daidai ba ko kalmar, domin kada a ba mai lalube haske.
(iv) Idan an yi kuskure sau uku a jere, a rufe wannan suna sai mai kula da rumbu ya buɗe.
(v) Idan an dace, a riƙe sunan ma'aikacin har ya fita, a kuma buɗe masa shafin da ya dace da matsayinsa.

Game da matsayi, hawa uku sun isa ƙaramin ofis: mai shigar da bayani, wanda zai iya ƙarawa amma ba zai iya gogewa ba, shugaban sashe, wanda zai iya gyara da fitar da rahoto, da mai kula da rumbu, wanda yake buɗe wa sababbin ma'aikata suna.

Bai kamata a ajiye kalmar sirri tsirararta a cikin jadawali ba. Ana bi da ita ne ta wani lissafi da yake dama ta yadda ba za ta warwaru ba, bayan an haɗa mata wasu haruffa na musamman da masana suke kira gishiri. Sakamakon lissafin shi ake ajiyewa. Duk lokacin da ma'aikaci ya buga kalmarsa, sai a sake lissafin a gwada sakamakon biyu.

Mataki mafi muhimmanci shi ne na biyar. Tunda rumbun ya san wanda ya shiga, sai a sa ya riƙa buga sunansa da rana da lokaci a kan kowane layi da ya ƙara ko ya gyara, a kuma ajiye tsohon bayanin a wani jadawali na daban. Ta haka idan masunci ya zo da rasit a hannu amma rajista ta nuna bai biya ba, za a iya gano ranar da aka canza layin da wanda ya canza shi. Wannan kuwa ba zai yiwu ba idan ma'aikata suna ara wa juna kalmar sirri don kunya ko zumunci, ko idan duk ofis yana shiga da suna guda.

3.4.1 IYAKAR FOM ƊIN SHIGA

Fom ɗin shiga ƙofa ce, amma ƙofa ba ta hana ɓarawo idan katanga ta faɗi. Wanda ya kwafe fayil ɗin a filashi yana iya buɗe jadawalan daga wata kwamfuta ba tare da ya bi ta fom ba. Har ila yau, a Access, danne maɓallin Shift lokacin buɗewa yana tsallake fom ɗin farko, sai fa in an kashe wannan dama. Tsohon tsarin tsaro na kowane ma'aikaci da manhajar take da shi kuma ba ya aiki a sabon nau'in fayil mai ƙarshen .accdb da ya zo a 2007. Don haka wajibi ne a ƙara da kulle fayil ɗin kansa da kalmar sirri, a taƙaita masu isa ga jakar da yake ciki ta hanyar Windows, a kuma raba wa ma'aikata nau'in .accde wanda ba a iya taɓa umarnin da ke cikinsa. Wannan ya zama nauyi na shari'a, domin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su.

3.5 KULA DA RUMBUN TARAYYA

Abu na farko shi ne raba rumbun gida biyu. Jadawalai su zauna a kwamfuta ɗaya, fom-fom da rahotanni kuma kowane ma'aikaci a ba shi kwafinsa a tasa kwamfutar. Idan kowa yana buɗe fayil guda mai ɗauke da komai, haɗarin lalacewa yana ƙaruwa. A ƙa'ida Access tana karɓar mutum 255 a lokaci guda, amma a aikace tana yin nauyi tun kafin a kusa kai haka.

Abu na biyu shi ne wutar lantarki. Idan wuta ta ɗauke ko wayar haɗi ta katse ana cikin rubutu, fayil yana iya lalacewa. Saboda haka kwamfutar da take riƙe da jadawalai tana bukatar batirin ko-ta-kwana, kuma haɗin waya ya fi haɗin iska aminci.

Abu na uku shi ne matsewa da gyara. Fayil ɗin yana kumbura da yawan amfani, domin gurbin abin da aka goge ba ya komawa da kansa, ga shi kuma ba ya wuce gigabayit 2. Ana matse shi ne bayan kowa ya fita, kuma bayan an ɗauki kwafi. Hotunan masunta gara a ajiye su a jaka ta daban, a rubuta adireshinsu kawai a jadawali.

Abu na huɗu shi ne kwafin ajiya. A ɗauki kwafi kowace rana bayan tashi daga aiki, a sa masa kwanan wata, kada sabo ya danne tsoho. A ajiye kwafi ɗaya a wani gini daban saboda gobara ko sata ko ruwa. Lokaci-lokaci kuma a buɗe kwafin a tabbatar yana aiki. Takardun da aka cike a bakin ruwa su ma kada a zubar, domin su ne shaidar asali.

Abu na ƙarshe shi ne mutane. Idan an yi wa ma'aikaci canjin wuri, a rufe sunansa nan take, amma kada a goge, domin tarihin aikinsa ya tsaya. Sannan a rubuta yadda rumbun yake aiki a littafi, a kuma koyar da aƙalla mutum biyu. Shirye-shiryen tallafi suna da wa'adi, ƙwararru kuma suna tafiya. Rumbun da mutum ɗaya kaɗai ya san kansa yana mutuwa ne ranar da ya bar ofis.

3.6 NAƊEWA

A wannan babi an ga yadda ƙidayar masunta da lasisi a Tafkin Kainji suke bukatar rumbu mai tsari, an kuma bi matakan gina fom ɗin shiga tare da nuna iyakarsa. An fahimci cewa fom yana tsayar da shaida a kan ma'aikaci, rabawa da matsewa da kwafin ajiya kuma su suke tsare haƙƙin masunci. A babi na gaba za a duba kalmomin Hausa da suka dace a yi amfani da su a kan fuskar fom ɗin, domin ma'aikaci da Sarkin Ruwa su iya karanta shi ba tare da tafinta ba.