Yawan Kafso Ba Shi Ke Tsare Ɗinkin Tiyata Ba

A Bauchi, in aka sallami wanda aka yi wa tiyatar ƙaba aka sa masa raga, da wuya 'yan'uwa su isa gida ba su biya kemis ba. Likita bai rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, ko ya rubuta kaɗan, sai babban wa ya ce a ƙaro kafso na mako biyu, kada wurin ya yi ruwa. Ƙauna ce ta sa shi, kuma tsoronsa yana da tushe.

Ragar nan ta roba ce, baƙuwa ce a jiki. In ƙwayoyin cuta suka manne mata, sai su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa da sauƙi, har wani lokaci sai an sake buɗe mutum an cire ta. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kusan 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata ciwonsu na harbuwa.

Inda na saɓa da babban wa shi ne lokaci. Galibi ƙwayar cutar tana shiga ne sa'ad da fata take buɗe a ɗakin tiyata. Shi ya sa hukumar ta ce, inda ake buƙatar maganin, a ba da shi cikin minti 120 kafin a sa wuƙa, kada kuma a ci gaba da shi bayan an gama aiki don rigakafi kawai. Kafson kwana na biyar ya zo ne bayan kasuwa ta watse. Abin da yake bari shi ne gudawa, da asarar kuɗi, da ƙwayoyin da suka daina jin magani.

Ko masu ƙera ragar da ke sakin magani da kanta, wannan lissafin suka bi: magani kaɗan, a daidai wurin, a daidai lokacin. A Amurka akwai wadda ake shafa wa rifampicin da minocycline. Wata jakar raga mai waɗannan magunguna, da ake sa na'urar daidaita bugun zuciya a ciki, ta rage harbuwa mai tsanani da kusan kashi 40 cikin 100 a gwajin da aka wallafa a 2019. Sai dai rifampicin shi ne ginshiƙin maganin tarin fuka, don haka ba na son a mai da shi abin shafa wa kowace raga. A bar irinta ga waɗanda hatsarinsu ya yi yawa.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne binciken ChEETAh na 2022, wanda asibitocin Najeriya suka shiga. Sauya safar hannu da kayan aiki kafin a rufe ciki ya sauko da harbuwa daga kusan 19 zuwa 16 cikin 100, ba tare da ƙarin ƙwayar magani ko ɗaya ba.

Aikin masu jinya a gida shi ne su bar wurin a bushe, su wanke hannu kafin su taɓa bandeji, mai ciwon suga ya kula da sugansa, mai shan taba ya ajiye. In wurin ya kumbura, ya ɗau zafi, ya fara fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya zo, a koma wurin likitan da ya yi aikin a ranar, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ko a Asibitin Ƙwararru, ya duba ya zaɓi maganin da ya dace.