Hirar Kimiyya: Yadda Saƙo Ke Shiga Ƙwayar Jiki, da Abin da Ke Faruwa In Ya Ƙi Tsayawa

Hirar kimiyya ta wannan mako a kan saƙo ta ke, amma ba irin na gidan waya ba, irin wanda ke kai da kawowa cikin jikin ɗan Adam dare da rana ba da saninsa ba.

In mutum na tafiya cikin duhu, kare ya taso masa ba zato, kafin ya yanke shawarar gudu ko tsayawa, gabansa ya riga ya soma dukan uku-uku, numfashi ya ƙaru, hanta kuma ta zuba sukari cikin jini domin ƙafafu su sami ƙarfi. To, wa ya gaya wa hanta akwai kare? Ita ba ta da ido, ba ta da kunne. Jikin mutum an gina shi ne da waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita, yawansu ya kai wajen miliyan sau miliyan 30, kowace kuwa tana kewaye da 'yar fata siririya wadda ta zame mata katanga. Taro mai yawa haka ba ya zama jiki guda sai in akwai hanyar da za su ji daga juna.

Da, masana sun ɗauka jijiyoyi kaɗai ke ɗaukar saƙo cikin jiki, kamar yadda waya ke ɗaukar tangaraho. Cikin 1902 waɗansu masana biyu a birnin Landan, William Bayliss da Ernest Starling, suka nuna ba haka abin ya tsaya ba. A bayan tumbi akwai wata tsoka mai laushi da likitoci ke kira fankiriyas, wadda ke tsiyayo ruwan narkar da abinci cikin hanji. Sai suka yanke dukan jijiyoyin da ke zuwa wani yanki na hanjin kare, suka zuba ruwa mai tsami a ciki irin wanda ke fitowa daga tumbi. Ko da ya ke babu sauran jijiya, tsokar nan ta soma tsiyaya. Sa'an nan suka kankare fatar cikin hanjin, suka niƙa, suka tace, suka yi wa karen allura da ruwan, tsokar ta sake tsiyaya. Ashe hanji na sakin wani sinadari ne cikin jini, jini ya kai shi inda aka aike shi. Cikin 1905 Starling ya sa wa irin waɗannan manzanni suna homon, daga wata kalmar Helenanci mai ma'anar zaburarwa. Wanda ke fita sa'ad da mutum ya tsorata shi ne adirenalin, daga waɗansu 'yan tsokoki biyu da ke zaune bisa ƙoda.

An san manzo ke nan. Amma me ya ke yi in ya isa? An yi shekara hamsin da ɗoriya ba a sami amsa ba, sai da wani likitan Amurka, Dakta Earl Sutherland, ya duƙufa a kan hanta a birnin Kilibilan, shi da abokin aikinsa Theodore Rall. Suka niƙa hanta, suka ware fatun ƙwayoyin gefe guda, ruwan cikinsu gefe guda. Da suka zuba adirenalin cikin ruwan kaɗai, babu abin da ya faru. Da suka zuba shi a kan fatun, sai wani sabon sinadari ya fito, wanda ko an tafasa shi ba ya lalacewa. Shi kuwa da aka zuba shi cikin ruwan, nan da nan aikin sakin sukari ya tashi. Cikin 1957 da 1958 suka bayyana wannan sinadari, wanda masana ke taƙaita sunansa da haruffan cAMP.

Wanda ya san tsarin gidan Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba. Baƙo ba ya faɗawa cikin gida. A zaure ya kan tsaya ya yi sallama, yaro ya fito ya ji abin da ke tafe da shi, ya shiga ya faɗa. Haka adirenalin ya ke: a bakin katanga ya ke tsayawa, ya manne da wani furotin da ke tsaron ƙofa, wanda a ke kira makarɓi, cAMP kuwa shi ne yaron da ke kai magana ciki. Sutherland ya kira shi manzo na biyu, aka kuwa ba shi kyautar Nobel cikin 1971. Akwai dai waɗansu homon, kamar na maza da na mata, waɗanda ke ratsa katanga su shige kai tsaye, amma wannan hira ba a kansu ta ke ba.

Tsakanin zaure da tsakar gida akwai hannuwa da yawa. Alfred Gilman da Martin Rodbell, waɗanda suka sami Nobel cikin 1994, su suka gano cewa makarɓi ba shi ke ƙera cAMP da kansa ba. Akwai wani ɗan tsakani manne da katanga ta ciki, a na ce da shi furotin G. Makarɓi ya taɓa shi, shi kuma ya ta da maƙerin cAMP. Daga nan cAMP ya ta da wani furotin mai suna kainas, wanda aikinsa shi ne ya liƙa wa waɗansu furotin ɗan guntun sinadari da a ke kira fosfet. Wanda duk aka liƙa wa sai ya canja hali, mai barci ya farka, wani kuwa mai aiki ya kwanta. Edmond Fischer da Edwin Krebs suka gano wannan dabara ta fosfet a birnin Siyatil cikin 1955. A kowane mataki saƙon ƙaruwa ya ke yi, kamar umurnin da sarki ya ba hakimai, kowane hakimi ya tara dagatansa, kowane dagaci ya tara masu unguwanni. Shi ya sa ɗan adirenalin kaɗan ke sa hanta ta saki sukari mai ɗimbin yawa cikin 'yan daƙiƙu.

Makarɓai masu aiki da furotin G sun kai wajen iri 800 a jikin mutum. Da su a ke jin ƙanshi, da su ido ke karɓar haske, kuma kimanin sulusin magungunan da likitoci ke bayarwa a kansu su ke aiki. Masu cin goro da masu shan shayi ma da su su ke ma'amala, ko ba su sani ba: sinadarin kafin da ke cikin goro ya kan je ya zauna a kan makarɓin da saƙon gajiya ke sauka, ya tare wurin, saƙon ya zo ya rasa masauki, barci ya gudu.

Amma ga abin da ya fi kome muhimmanci cikin wannan al'amari. Saƙon da ba ya ƙarewa ba shi da amfani, hasali ma masifa ne. Saboda haka kowane mataki yana da mai kashe shi. Furotin G makunni ne mai kashe kansa: in an kunna shi, bayan 'yan daƙiƙu sai ya koma yadda ya ke. Akwai mai farfasa cAMP, akwai kuma mai ɓamɓare fosfet. Cututtuka biyu da ba su yi kama da juna ko kaɗan ba za su nuna abin da ke aukuwa in makunni ya maƙale.

Ta farko ita ce kwalara, watau annobar amai da gudawa, wadda bazuwarta ta bakwai a duniya ta taso daga Indunusiya cikin 1961, ta iso Afirka ta Yamma cikin 1970. Abin mamaki game da ƙwayar wannan cuta shi ne ba ta shiga jini, ba ta kuma cinye hanji. Cikin 1959 wani likitan Indiya a birnin Kalkata, Dakta Sambhu Nath De, ya tace ruwan da aka yi kiwon ƙwayoyin cutar a ciki har babu ƙwaya ko ɗaya, ya zuba shi cikin hanjin zomo da aka ɗaure, hanjin ya cika da ruwa ya kumbura. Watau dafi ne ƙwayar ke fitarwa. Aikin nasa bai sami kulawar da ta cancance shi ba sai bayan shekaru, wannan kuwa abin takaici ne. Wajen 1978 aka gane abin da dafin ke yi: ya kan shiga ƙwayoyin bangon hanji, ya nemi furotin G, ya liƙa masa wani abu da zai hana shi kashe kansa. Daga nan sai cAMP ya yi ta taruwa, ƙofofin da gishiri ke fita ta cikinsu su tsaya a buɗe, ruwa kuwa duk inda gishiri ya nufa nan ya ke bi. Mai tsananin ciwon ya kan zubar da ruwa har lita guda cikin sa'a guda, fari kamar ruwan wankin shinkafa, in ba a taimake shi ba ya mutu cikin yini ɗaya. Ƙwayoyin hanjinsa lafiyarsu lau, biyayya kawai su ke yi ga umurnin da ba wanda ya janye.

Sanin hanyoyin nan dalla-dalla shi ya bayyana dalilin da ya sa ruwan gishiri da sukari ke ceton rai. A bangon hanji akwai wata ƙofa dabam, wadda Robert Crane ya bayyana cikin 1960, inda gishiri ke shiga jiki in yana tare da sukari, dafin kwalara kuwa bai taɓa wannan ƙofa ba. Cikin 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, ruwan ƙarin da a ke sa wa ta jijiya ya yi ƙaranci a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon, Dakta Dilip Mahalanabis ya sa 'yan'uwan majinyata su riƙa ba su ruwan gishiri da sukari da kofi. Cikin mutum sama da 3,000 da aka yi wa haka, mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Ruwan ba ya gyara makunnin da ya maƙale. Abin da ya ke yi shi ne ya riƙe ran majinyaci har jiki ya zubar da tsofaffin ƙwayoyin hanji ya yi sababbi, abin da ke ɗaukar 'yan kwanaki kaɗan. In babu ƙunshin da a ke samu a asibiti, ma'aunin gida shi ne ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri, cikin lita guda ta ruwa mai tsabta. Wanda ciwon ya kayar har ba ya iya sha kuwa, lalle a gaggauta kai shi asibiti.

Cuta ta biyu wata irin sankarar jini ce mai tafiya a hankali, inda ɓargo ke ta haifar fararen ƙwayoyin jini ba iyaka, saifa ta kumbura. Cikin 1960 Peter Nowell da David Hungerford a birnin Filadelfiya suka lura cewa cikin ƙwayoyin masu wannan ciwo, ɗaya daga ƙunshe-ƙunshen gado da a ke kira kuromosom ya gajarce. Cikin 1973 Dakta Janet Rowley ta Jami'ar Shikago ta nuna ba ɓacewa guntun ya yi ba, musaya aka yi tsakanin kuromosom na 9 da na 22. A wurin da suka haɗu sai aka sami wani baƙon kainas wanda ba shi da birki. Aikin kainas na asali shi ne ya isar da umurnin rabuwa sa'ad da manzo ya zo daga waje. Wannan kuwa yana ta ba da umurnin alhali ba wanda ya yi sallama a zaure.

Masana da yawa sun ce ba za a iya toshe shi shi kaɗai ba, domin kainas ya fi iri 500 a jiki, kuma sun yi kama da juna; maganin da ya toshe ɗaya zai toshe saura, ya kashe majinyaci. Nicholas Lydon, masanin haɗa magunguna a wani kamfani na ƙasar Suwizalan, da Dakta Brian Druker na jihar Oregon ba su yarda ba. Cikin 1998 aka soma gwada ƙwayar maganinsu, imatinib, a kan mutane. Daga cikin majinyata 54 da suka sha ma'auni isasshe, jinin 53 ya koma daidai. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi cikin watan Mayu na 2001. Ciwon da a da ya kan kashe mutum cikin 'yan shekaru, yanzu mafi yawan masu shan maganin kullum su kan yi tsawon rai kusa da na sauran jama'a.

Kada dai a ɗauka an gama da sankara. Wannan ta yi sauƙi ne domin makunni ɗaya tak ya lalace a farkonta. Yawancin sauran sankara makunnai da dama ke lalacewa tare, in an toshe hanya ɗaya saƙon ya kewaya ta wata. Ko a cikin wannan ma, a waɗansu majinyata kainas ɗin ya kan canja siffa har maganin ya kasa kama shi, abin da ya sa aka fito da wani, dasatinib, cikin 2006. Akwai kuma wani makunni ɗan'uwan furotin G, mai suna Ras, wanda a ke samunsa a maƙale cikin kimanin ɗaya daga kowace sankara biyar, da kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na sankarar fankiriyas. Tun 1982 aka san da hannunsa cikin sankarar ɗan Adam, amma jikinsa sumul ya ke, babu ramin da magani zai kama, har masana suka yi kusan shekara 40 suna neman inda za su riƙe shi. Sai cikin 2021 aka amince da magani na farko, sotorasib, domin wata irin sankarar huhu, shi ma iri ɗaya kaɗai ya ke kamawa daga cikin lalacewar Ras masu yawa.