Moreutils

Moreutils tarin ƙananan manhajoji ne da ake sarrafa su ta hanyar rubuta umarni, a kwamfutocin da ke aiki da Linux da sauran dangin Unix. Joey Hess, wani marubucin manhaja ɗan Amurka da ya daɗe yana aiki a Debian har zuwa shekarar 2014, shi ne ya fara tattara su a shekarar 2006. Sunan yana nufin ƙarin kayan aiki, wato ƙari a kan kayan aikin yau da kullum irin su ls, cat da sort. An rubuta wasu daga cikinsu da harshen C, wasu kuma da Perl, kuma ana raba su kyauta a ƙarƙashin lasisin GPL.

Asali

An fara gina Unix a shekarar 1969 a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu. A 1973 aka shigar da tsarin bututu, bisa shawarar Douglas McIlroy. Bututu, wanda ake rubutawa da alamar |, yana ɗaukar abin da wata manhaja ta fitar ya miƙa wa ta gaba. Daga nan al'adar Unix ta kafu: kowace manhaja ta yi aiki guda ɗaya, ta iya shi sosai, sannan a jera su kamar sarƙa idan aikin ya yi girma.

Masu amfani da Unix da yawa sukan rubuta wa kansu gajerun umarni su ajiye a wata folda don ayyukan da suke maimaitawa. Akasarin irin waɗannan ba sa fita daga kwamfutar mai su. Manufar Hess ita ce a zaɓo waɗanda za su amfani kowa, waɗanda kuma babu irinsu a Unix, a haɗa su wuri guda. Duk da cewa shi ke kula da tarin, wasu ma sun ba da gudummawa, ciki har da Colin Watson, Tollef Fog Heen da Lars Wirzenius.

Sponge

Manhajar da ta fi shahara a cikin tarin ita ce sponge, wadda ma'anar sunanta soso ne. Tana magance wata matsala da ke jawo wa sababbin masu koyo asarar aiki. Idan mutum yana so ya jera kalmomin wani fayil bisa haruffa, ya kuma adana su a wannan fayil ɗin, yakan rubuta:

sort kalmomi.txt > kalmomi.txt

Sakamakon shi ne fayil ɗin zai koma fanko. Dalili kuwa, shel, wato manhajar da ke karɓar umarni, tana fara buɗe fayil ɗin da za a rubuta a ciki ta share abin da ke cikinsa, tun kafin sort ta karanta ko layi ɗaya. Da sponge ana rubuta:

sort kalmomi.txt | sponge kalmomi.txt

Sponge tana tsotse dukkan abin da ya biyo ta bututu tukuna, sai ya ƙare sannan ta rubuta shi a fayil. Amma ba ta san ko manhajar da ke gabanta ta yi nasara ba. Idan waccan ta gaza ba ta fitar da komai ba, sponge za ta rubuta fanko, don haka ajiye kwafin fayil mai muhimmanci yana nan a matsayin wajibi.

Sauran kayan aikin

ts tana saka kwanan wata da lokaci a farkon kowane layi da ya ratsa ta, abin da ke taimakawa wajen gano lokacin da wani aiki ya tsaya.

vidir tana buɗe sunayen fayilolin folda a manhajar gyara rubutu, kowane suna da lambarsa. Idan aka canza suna, fayil ɗin zai samu sabon suna. Idan aka goge layi, fayil ɗin ma za a goge shi.

chronic tana gudanar da umarni shiru, ba ta nuna komai sai idan ya gaza. An yi ta ne musamman don ayyukan da cron ke gudanarwa a kan jadawali.

combine tana kwatanta layukan fayiloli biyu, ta fitar da waɗanda ke cikin duka biyun, ko waɗanda ke cikin na farko kaɗai. Mai tattara ƙamus zai iya gano kalmomin da ba su shiga jerinsa ba da ita.

isutf8 tana duba ko an adana fayil a tsarin UTF-8 daidai. Wannan ya shafi rubutun Hausa, domin haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ba sa cikin tsohon tsarin ASCII, kuma kowannensu yana cin bayit biyu a UTF-8.

errno tana bayyana ma'anar lambobin kuskure. Misali, lamba 2 ita ce ENOENT, wato ba a samu fayil ko folda ba.

Akwai kuma ifne, wadda ba ta gudanar da umarni sai an turo mata wani abu, da vipe, pee, mispipe, zrun da ifdata.

Samuwa da karon suna

Ana samun moreutils a rumbunan manhajoji na Debian, Ubuntu, Fedora da Arch Linux, da kuma Homebrew ga masu macOS. A Debian da Ubuntu ana saka ta da umarnin apt install moreutils.

Tarin yana ɗauke da wata manhaja mai suna parallel, wadda ke gudanar da ayyuka da yawa a lokaci ɗaya. Sunanta ɗaya da GNU parallel ta Ole Tange, amma yadda ake rubuta umarninsu ya bambanta. Saboda haka umarnin da aka tsara don ɗaya yakan ƙi aiki da ɗayar, kuma wanda ya saka duka biyun yana bukatar ya tabbatar da wadda kwamfutarsa ke kira.