An Ce Miki "Ba Komai"? Kada Ki Naɗe Takardar Tukuna

Idan kin saba shiga Kasuwar Sabon Gari, kin san yadda mata ke haɗa cefane da neman lafiya. A sayi atamfa da kayan miya, a leƙa ɗakin sikanin a nuna ƙullutun da ya fito a nono, in an ce ba komai a biya kemis a wuce gida. A shekarar 2024 hukuma ta tashi dillalan magunguna daga yankin zuwa Dangwauro, amma ɗabi'armu ta gamsuwa da hoto guda tana nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da sankarar nono, 670,000 kuma suka rasu. A Nijeriya ita ce kan gaba cikin ciwon dajin mata, kuma yawanci sai ta yi nisa ake zuwa asibiti. Wata ma ta je da wuri, hoton ne bai nuna ba.

Ta yaya haka ke faruwa? Sikanin ya dogara da hannu da idon mai yinsa, inda bai ɗora na'ura ba ba zai gani ba. Shi kuwa hoton nono da ake kira mamogiram, masana a Amurka sun ƙiyasta yakan tsallake kusan 1 cikin 8 na sankarar da ke nan. Abin ya fi yawa ga mai ƙuruciya da mai shayarwa, domin naman nononsu a cure yake, yana fitowa fari a hoto, ita ma sankarar fara take fitowa. Akwai kuma wata irin sankara mai sa nono kumburi da ja da zafi, har a ɗauka ciwon nonon goyo ne. Kuskuren kan juya, a tayar wa mace hankali a kan ƙullutun da ba shi da illa. Shi ya sa a Ingila mutum biyu ke karanta kowane hoto a shirin gwajin mata.

To, me ya kamace ki?

Ki fara da likita, shi zai faɗi irin hoton da ya dace. Kada kunya ta hana ki bayani: yaushe ya fito, ko kina shayarwa, ko an taɓa yi a dangi. Kina iya neman mace ta duba ki.

Ranar mamogiram kada ki shafa hoda ko turaren hammata, suna iya fitowa kamar ɗigon cuta.

Ki adana tsofaffin hotunanki ki tafi da su, da kwatantawa ake gane abin da ya canja. Ki tambaya ko likitan hoto ne ya sa hannu a sakamakon.

Idan ƙullutun na nan, ko an sha magani kumburi bai sauka ba, ki koma, ko ki nemi a tura ki babban asibiti irin na Malam Aminu Kano ko Murtala. Tabbaci yana samuwa ne in an haɗa uku: duban likita, hoto, da ɗan naman da ake ɗiba da allura a auna. Wannan ɗiba ba ta yaɗa cutar, kamar yadda ake tsorata mata a gidajen biki.

Maigida, kuɗin gwaji na biyu bai kai na jinya ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.