Daga Gidan Magana Zuwa Dandeji: Wata 13 Da Ya Kamata Shugabanni Su Yi Bayaninsu

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato ta yi kudu zuwa Jega, ya san cewa zai ratsa Boɗinga, daga baya ya iske Shagari. A kan wannan hanya ayarin motocin manya ke bi da jiniya duk lokacin da wani bala'i ya auka wa mutanen yankin, ana kai gaisuwa da buhunan hatsi. Tambayarmu a yau ita ce, kafin ranar gaisuwar, wace hanya shugabanni ke bi, kuma wane aiki suke yi?

A watan Afrilu na 2022, cikin azumin watan Ramadan, wani kwale-kwale ya kife da mutanen ƙauyen Gidan Magana a Ƙaramar Hukumar Shagari. Mutum 29 suka rasu, galibinsu yara da matasa, kuma neman itacen girki ne ya sa suka shiga ruwan. Aka yi jana'iza, shugabanni daga Sakkwato har Abuja suka aika da ta'aziyya. A watan Mayu na 2023, wato bayan wata 13, sai ga wani jirgin ya kife da mutanen Dandeji a wannan ƙaramar hukumar, aka tsamo gawar yara aƙalla 15. Su ma itace za su samo a tsallaken ruwa.

Mai karatu, ka dubi abin nan da kyau. Ƙaramar hukuma ɗaya, dalilin tafiya ɗaya, kuma duka biyun cikin bazara suka faru, ba a tsakiyar damina ba balle a ce ruwa ne ya yi ambaliya ba zato. Na farkon ana iya cewa ya zo wa kowa a ba-zata. Na biyun kuwa ya zo ne bayan an riga an ga na farko, an san inda yaran ke haye ruwa, an san kuma abin da ke kai su.

Wa ke da alhakin me?

Sau da yawa idan abu ya faru, sai ka ji kowa yana nuna na gaba da shi da yatsa. Ciyaman ya ce ba shi da kuɗi, jiha ta ce tana jiran Abuja, Abuja ta ce ta aika da kayan agaji. Alhali kuwa an riga an raba aikin. A 1999 aka kafa Hukumar Ba Da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA. Tsarin da ake bi ya tanadi hukumar agaji a kowace jiha, wadda ake kira SEMA, da kwamitin agaji a kowace ƙaramar hukuma. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997, ita ke kula da zirga-zirga a kan koguna. Kowace shekara kafin damina, hukumar NiMet tana fitar da hasashen ruwan sama, hukumar NIHSA kuma tana bayyana wuraren da ake fargabar ambaliya.

A cikin waɗannan duka, kwamitin ƙaramar hukuma shi ne mafi kusa da bakin ruwa. Ma'aikacin da ke zaune a ofis a Abuja ba zai san kwale-kwalen da ya tsufa a mashigin Dandeji ba. Kansila ya sani. Hakimi da mai unguwa sun sani, Sarkin Ruwa ma ya fi kowa sani. Su ne za su iya cewa jirgin nan mutum kaza yake ɗauka ba ƙari, kada yaro ya tuƙa, kada a shiga ba rigar ruwa. Wannan doka ba ta bukatar miliyoyin Naira, tana bukatar shugaba da zai tsaya a kanta ko da an ji haushinsa.

Aikin jiha ya fi haka nauyi: samar da jirage masu inji da rigunan ruwa, horar da masu ceto daga cikin masuntan wurin, da gina gada a inda jama'a ke yawan hayewa. Akwai kuma tushen matsalar. Yarinya ba ta shiga jirgi neman itace don sha'awa. Daji ne ya ƙare a kusa da gida, sai a tsallake. Shugaban da ya dasa gandun itatuwa a gefen gari, ko ya sauƙaƙa wa mata murhu mai cin itace kaɗan, ya ceci rai ko da ba wanda ya ɗauke shi hoto.

Darasin 2010

Jihar Sakkwato ba baƙuwar bala'in ruwa ba ce. A watan Satumba na 2010, zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, ruwa ya cika madatsar Goronyo, kogin Rima ya yi ambaliya, ya cinye ƙauyuka da gonaki, ya kuma yanke hanyar da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Dubban mutane suka koma kwana a makarantu. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin Nijeriya, a 2022 kuma ta kashe fiye da 600. Ba wanda zai ce ba a yi masa gargaɗi ba.

Mutanen Boɗinga da Sifawa da Danchadi su ma sun san halin damina. Idan ruwan Agusta ya yi kwana biyu yana zuba, katangar laka takan jiƙe ta faɗi, rumbu ya rushe da sauran hatsin bara, gonar fadama ta nutse. Maganin wannan da rani ake yinsa: a yashe magudanu, a hana gini a kan hanyar ruwa, a tanadi wurin da za a sauke jama'a, a rubuta sunayen tsofaffi da marasa lafiya da za a fara kwashewa. In gemun maƙwabcinka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya sami Shagari ya ishi majalisar Boɗinga darasi.

Maganar kuɗi

A 1981, lokacin da ɗan wannan yanki, Alhaji Shehu Shagari, yake shugaban ƙasa, aka kafa asusun kula da muhalli na tarayya domin magance ambaliya da zaizayar ƙasa da kwararowar hamada. Jihohi da ƙananan hukumomi suna da kaso a ciki. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Saboda haka talaka yana da ikon tambayar ciyaman nawa ya shigo, nawa aka kashe a kan magudanu da jirage. Haka kuma yana da ikon yi wa gwamnatin Gwamna Ahmed Aliyu, wadda ta kama aiki ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan tambayar, tare da 'yan majalisar da ke wakiltar yankin.

Rabon kayan agaji ma wurin gwaji ne. Ruwa ba ya tambayar jam'iyyar mutum ko addininsa ko asalinsa kafin ya shiga ɗakinsa. Bai kamata mai rubuta sunaye ya tambaya ba. A kafa jerin sunayen a bainar jama'a, a raba a gaban hakimi da shugabannin addini da wakilan mata, domin gwauruwar da ba ta san kowa a sakatariya ba ta sami nata mudun.

'Yan'uwa, mu ma muna da namu. Iyaye su hana yaransu shiga jirgin da ya cika. Ƙungiyoyin mata da na matasa su je sakatariya tun watan Maris, su nemi sanin ko kwamitin agaji ya zauna, su waye a ciki, kuma me ya tanada. Idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi abin da ya yi tsakanin Afrilun 2022 da Mayun 2023, da abin da ya yi tun daga lokacin. Allah ya ta'azantar da iyayen yaran Gidan Magana da na Dandeji, ya ba shugabanninmu zuciyar yin aiki tun hadari bai taso ba.