Hanyar da Kira Ke Bi a Wayar Salula da Aikin Kula da Cibiyoyinta

Wayar salula ƙaramar rediyo ce mai ji da magana. Ba ta isa ga wayar wanda aka kira kai tsaye, ko da mutanen biyu suna zaune a kan tabarma ɗaya. Aikinta shi ne ta aika murya ta iska zuwa turken sadarwa mafi kusa, wanda jama'a ke kira ƙarfen sabis. Daga nan sauran tafiyar na hannun wasu na'urori da mai waya ba ya ganinsu.

Ƙarancin zangon rediyo ne ya haifi wannan tsari. Zangon da hukuma ke ba kowane kamfani ƙayyadadde ne, kuma da babbar tasha ɗaya za ta ɗauki gari guda, mutane ƙalilan ne za su iya magana a lokaci ɗaya. A shekarar 1947 injiniyoyin Bell Labs a Amurka suka kawo shawarar a yanka ƙasa ƙananan yankuna, kowane da tasharsa marar ƙarfi sosai, ta yadda za a sake amfani da zango ɗaya a yankunan da ba sa maƙwabtaka. Martin Cooper na kamfanin Motorola ya yi kiran farko da wayar hannu a 1973, tsarin GSM kuma ya fara aiki a ƙasar Finland a 1991. A Najeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisi a watan Janairun 2001 a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekara.

GSM na aiki a zangon megahaz 900 da 1800. Na 900 ya fi zuwa nesa, ya fi ratsa bango, shi ya sa ya dace da karkara. Na 1800 ya fi ɗaukar jama'a a cikin birni. Kowace tashar zango ana raba ta gida takwas, wayoyi suna karɓa-karɓa cikin saurin da kunne ba ya kamawa. A ƙa'idar GSM ta asali, turke ba ya iya hidimar wayar da ta wuce nisan kilomita 35.

Turke ba ya yanke shawara shi kaɗai. Turaka da yawa suna ƙarƙashin na'ura ɗaya mai sarrafa su, wadda ke raba musu zango, tana kuma miƙa kira daga wannan turke zuwa na gaba idan mai magana yana cikin mota daga Kano zuwa Zariya. Saƙo na barin turke ta ɗayan hanyoyi biyu: ko ta farin faifan nan mai kama da ganga da ake gani a jikinsa yana fuskantar wani turken, ko ta wayar faiba da aka binne a gefen titi.

Zuciyar tsarin ita ce cibiyar haɗa kira, wadda injiniyoyi ke kira MSC. Kowane katin SIM na ɗauke da wata lamba mai adadi har 15, dabam da lambar da mutane ke bugawa. Ta Najeriya na farawa da 621, ta Nijar da 614. Kamfani na da babbar rijista mai riƙe da bayanan kowane layi, akwai kuma ƙaramar rijista a kowace cibiya mai lissafin layukan da ke yankinta a halin yanzu. Waya a kunne takan sanar da inda take lokaci zuwa lokaci, ko da tana aljihu. Da an buga lamba, cibiya za ta tantance katin mai kira, ta duba ko akwai kuɗi a layinsa, ta tambayi babbar rijista inda wanda ake nema yake, sannan ta sa turakan wannan yanki su yi cigiyarsa. Idan wayarsa ta amsa, sai a buɗe hanya tsakaninsu. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi kaɗan ake gama shi. Muryar nan da ke cewa layi a kashe yake ma daga cibiyar take fitowa. A tsarin 4G da 5G an daina ware wa kira hanya tasa shi kaɗai, ana gutsuttsura murya da data ƙananan ƙunshi kamar na intanet, aikin cibiya kuma ya koma manhaja a kan manyan kwamfutoci. Duk da haka wayoyi da yawa har yanzu 2G ko 3G suke komawa idan za a yi kira.

Lalacewar turke ɗaya unguwa ko ƙauye take shafa. Tsayawar cibiya kuwa na iya katse miliyoyin layuka a lokaci guda. Saboda haka mizanin da ake ɗora wa irin waɗannan na'urori shi ne su yi aiki kashi 99.999 cikin ɗari na lokaci, wato tsayawarsu a shekara kada ta wuce kimanin minti biyar. Ana gina su bibbiyu: kowane muhimmin allo na da ɗan'uwa a kunne yana jiran ya karɓi aiki, haka hanyar wuta da hanyar faiba. Sai dai na ajiya da ba a gwada shi ba yana iya ba da kunya ranar da aka neme shi, shi ya sa ake juya aiki kansa da gangan a lokutan da aka tsara.

Wuta ce babbar matsala. Na'urorin sadarwa da wutar batir mai ƙarfin bolt 48 suke aiki. Wutar gari ko ta janareta na shiga na'urar da ke juya ta, ita kuma tana ciyar da kayan aiki tana cajin jerin batura, waɗanda ke riƙe komai a ɗan tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta. Injiniyan da ya shiga ɗakin batura yakan auna kowane batir, ya duba kumburi ko tsatsa a kan ƙusoshi, domin batir ɗaya da ya mutu na raunana jerin duka. Zafi kuma na cin rayuwar batir: na gubar da aka yi don maki 25 na ma'aunin zafi yakan rasa kusan rabin shekarunsa idan zafi ya ƙaru da maki goma. A ƙasar da bazara ke haura maki 40, na'urar sanyaya ɗaki ba kayan alatu ba ce. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska, ruwan sama mai ƙarfi kuma na raunana saƙon da ke bi ta faifai. A Najeriya yawancin turaka da man dizal suke rayuwa, kuma kamfanoni irin su IHS ne ke riƙe da su suna bayar da haya.

Ɓangaren manhaja ya fi buƙatar taka-tsantsan. Ranar 15 ga Janairun 1990, kuskure a cikin sabuwar manhaja ya sa cibiyoyin kamfanin AT&T guda 114 a Amurka suka riƙa faɗuwa suna jan juna, aka shafe kimanin awa tara ana fama. Babu abin da ya ƙone, babu wayar da ta tsinke. Shi ya sa ake yin duk wani canji a tsakar dare lokacin da kira ya yi ƙasa, bayan an adana kwafin tsohon saiti an kuma rubuta hanyar komawa baya. A ɗakin sa ido, ma'aikata na kallon ƙararrawar kowane turke dare da rana, suna bin adadin kiran da ya yanke da wanda ya kasa shiga. Da lissafin Agner Erlang, masanin ƙasar Denmark, ake ƙiyasta yawan hanyoyin da ake buƙata a sa'ar da ta fi cunkoso. Safiyar Sallah takan zarce wannan ƙiyasi, sai kira ya ƙi shiga alhali sabis a cike yake.

Wata ɓarnar daga waje take zuwa. Masu aikin titi na tsinka faiba, ɓarayi na kwashe batura da man janareta, a 2012 kuma 'yan Boko Haram sun kai hari kan turaka da dama a arewa. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Amfanin wannan mataki ya dogara ga ko ɗan kwangila zai tuntuɓi masu faiba kafin ya sa katafila a ƙasa.